Kububuwar da Bature Ya Nema

Ranar wata Talata bayan an gama yankan gero, shekara ta huɗu da zuwan Nasara ƙasarmu, wani Bature ya sauka da akwatin kwalabe a ƙarƙashin tsamiyar ƙauyenmu, kusa da Sarandosa. Ina 'yar shekara takwas, na dawo daga rijiya da tulu a ka. Tafintansa, wani mutumin Jega, ya ce Bature macizai yake so, kuma da ransu. Ya riga ya samu kasa da gamsheƙa a Aliero, saura kububuwa. Yana son ya san ko tamu iri ɗaya ce da ta wasu wurare, da kuma inda ƙasarta ta tsaya.

Mai gari ya nuna Babana, don kowa ya san yana gane maciji daga jan cikinsa a ƙasa. Shi ya koya mini, muna ban ruwan albasa, cewa kasa malalaciya ce, gamsheƙa ido take nema da tofinta, kububuwa kuwa gajera ce, tana goga jikinta tana ƙara kamar an zuba ruwa a garwashi. Yakan ce, "Wagga ba a kama ta, ɗiyata, kashe ta akan yi." Amma a ranar, dogarin da ya rako su Bature na tsaye da bulala. Baba ya ɗauki gora da sanda mai baki biyu, ya nufi duwatsun bayan gonarmu. Kafin la'asar ya dawo da kububuwa, hannunsa na dama a kumbure. Wajen tura ta cikin gorar ta sare shi.

Washegari jini ya fara zubo masa ta hanci da dasashi. Inna ta shimfiɗa masa tabarma a zaure, tana goge masa baki da gefen zanenta. Nan Bature ya same mu. Na ɗauka magani ya kawo, har na ba shi hanya da sauri. Sai ya tsuguna, tafinta ya tambaya, "Ina anka same ta, cikin dutse ko fadama? Akwai ta har Maiyama?" Baba ya amsa, jini na cika masa baki. Inna ta ce wa tafinta, "Don Allah ka hwaɗa mishi mutum na mutuwa." Tafinta bai faɗa ba. Bature ya gama rubutunsa, ya tsallake ƙafafun Baba ya fita. Bayan kwana huɗu aka kai Baba makwanci.

Yanzu in maciji ya sari mutum, a mota ake kai shi asibiti a yi masa allura, da yawa kuma suna tashi. Jikokina ba su bambanta kasa da kububuwa, ni ma ban taɓa koya musu ba. Har yau in na nemi muryar Baba, da jini a ciki take zo mini.