Jinjina ga Mama Millicent, Mai Duba Jini

Shekara talatin da biyu ke nan, ƙarfe bakwai na safe take fitowa daga unguwar Bolari, ta shiga ɗakin gwajin jini na asibiti, ta sa farar riga, ta zauna gaban na'ura. Marasa lafiya kaɗan ne suka san fuskar Mama Millicent. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya.

Mu 'yan unguwar Arawa a dalilin maƙwabcinmu Malam Iro tela muka san ta. Wata biyu yana zazzaɓi, ya rame, hawa matakala ma sai ya tsaya ya huta. Likita ya ce ƙwayar cuta ce ta kama masa wata 'yar ƙofa a cikin zuciya. Jininsa ya faɗo hannun Mama Millicent. Da ta gane irin ƙwayar, ba ta aika takarda ba, da ƙafarta ta je wurin likita.

"Likita, wannan ƙwayar a hanji ta saba zama. Me ya kai ta zuciya? A duba babban hanjinsa."

"Mama, ai bai ce cikinsa na ciwo ba."

"Shi ya sa na zo da kaina."

Bayan zazzaɓin ya sauka aka duba da kyamara. Aka tarar da ƙananan tsiro birjik, ɗaya har ya fara komawa ciwon daji. Aka yi aiki da wuri. Sai a nan Iro ya faɗi cewa ciwon ciki da bayan gida da jini ne ya kashe mahaifinsu yana ɗan arba'in da biyar.

Irin wannan tsiron gadonsa ake yi, don haka aka ce 'yan'uwansa su zo. Ƙanwarsa Delu ta ce ita lafiyarta ƙalau, kuma kunyar gwajin take ji. Ran Lahadi, daga coci, Mama Millicent ta zarce gidan Delu a Manawashi.

"Ƙanwata, ni zan raka ki, zan kuma tsaya a bakin ƙofa har ki fito."

Delu ta je. Ita ma an samu, tun bai rikiɗe ba.

Mama, ke ce kika ga mutum a cikin 'yar kwalbar jini. Ke ce kika taka har gidan da ba a aike ki ba. Mun gode, Allah ya ba ki hutu mai daɗi. Masu tasowa a wannan aiki, ku yi koyi da ita: in kun ga abin da bai kwanta muku ba, ku tashi ku faɗa. Yau Iro na kan keken ɗinkinsa, shi ya ɗinka rigar da Mama za ta sa ranar bikin sallama.