Gwandar Dajin Ɗanasabe

Ɗanasabe mutumin Yargoje ne, manomin dawa, kuma iyakar sanina shi kaɗai ne a ƙasar Ƙanƙara ya taɓa dasa gwandar daji a tsakar gida. Ba a dasa ta. Inda Allah ya aje ta, nan ake zuwa a tsinka. Amma a shekarun da kuɗin fetur suka yi yawa, an kawo katafila an share dajin gabas da gari domin a yi babbar gonar zamani. Gonar ba ta samu ba, sharar dai ta yi kyau, ko gwanda ɗaya ba a bari ba.

Mahaifiyarsa, Inna Kulu, haƙoranta sun zube, kuma duk farkon damina babu abin da take jira sai nunanniyar gwandar daji. Ya kawo mata lemun kwalba, ta ce yana cizon ta a hanci. Sai ya hau keke har dajin Sabuwa, ya haƙo ƙarama da saiwarta, ya dasa bayan rumbu, ya kewaye da ƙaya.

Maƙwabcinsa Almu ya leƙo ta kan darni. "Ɗanasabe, daji kake kawo mana gari? Gobe ka taho da kura, ni zan kafa mata turke."

"Ka fara ɗaure akuyarka tukuna," in ji Ɗanasabe.

Gwandar ta kama. Da ta fara fure, Inna Kulu ta jawo tabarmarta kusa, kullum tana tambaya, "Auta, yaushe?"

"Saura kaɗan, Inna."

A lokacin takin zamani ya yi arha, har wasu na zubar da shi su ɗauki buhun. Ɗanasabe yana so ya gaggauta mata, kuma a gidansu ba a auna wa baƙo abinci. Ya tona gindin gwandar, ya juye kwano cike. Ganyen ya fara ƙonewa, ya ce yunwa ce, ya ƙara wani kwanon. Kafin sati ta zama itacen wuta.

Inna Kulu ta shafa busasshen reshen, ta ce a maida mata tabarmarta ɗaka.

Ya koma Sabuwa ya haƙo wata, wannan karon ruwa kawai ya ba ta. Inna Kulu ta rasu da kaka, tun tsiron bai kai gwiwa ba. Gwandar ta girma ta cika bayan rumbu, tana ’ya’ya manya duk shekara. Ɗanasabe bai taɓa tsinka ba, bai kuma bari a tsinka ba. Suna nuna, su faɗo, kaji su ci.