Kumfar Sabulun Baba

Jiya a kasuwa na ji warin kabaid da ake nuka mangwaro da shi, irin wanda masu walda ke amfani da shi, sai na tuna Baba, mai walda a unguwar Nasarawa. Bai taɓa kunna wuta ba sai ya shafa kumfar sabulu a bakin tukunyar gas, ya duba ko tana yoyo.

Tun muna jihar Sakkwato ciwo ya kwantar da shi asibiti, aka sa masa iskar numfashi. Da ya ji tukunyar iskar tana huci, ya kama hannuna: "Ɗiyata, wagga na yoyo, kawo sabulu."

Na yi dariya, ban kawo ba. Da la'asar ya cika.

Har yau in ina wanki ina jin hucin nan. Allah Ya haskaka kabarinka, Baba.