Gwadon Inna da Ƙaiƙayin Tabki

Laraba: daga Madawa zuwa Buza

Ƙarfe biyar da kwata na asuba muka fito daga gida, ni da ɗiyata Habsu, mai shekara goma sha ɗaya. Damina tana ƙarewa, saura mako biyu a koma lakkol, wato makaranta, na kuma ƙudurta kai ta ƙauyenmu da ke bayan Keita ta ga mahaifiyata, wadda muke kira Inna. Rabon Habsu da ƙauyen tun tana goye. Idanun Inna sun fara rauni, sau uku tana aikowa a tambaye ni ko sai ta daina gani za a kawo mata yarinyar.

Matata Rakiya ta rako mu ƙofar gida da fitila a hannu. Ta gyara wa Habsu ɗankwali, sannan ta dube ni.

"Malam, sharaɗina guda na. Kada ƙahwarta ta taɓa ruwan tabkin nan naku. In ta komo mini da ciwo, ta gama zuwa."

Na san dalilinta. Ƙanenta ya yi shekaru yana fama da tsargiya, wato fitsarin jini, ita ce kuma ta yi jinyarsa tun tana budurwa. Na yi mata alkawari ba tare da na tsaya tunani ba. Shekara ashirin da uku ina koyar da ilimin halittu, kowace shekara ina zana katantanwar ruwa a allo ina gargaɗin ɗalibai. Na ɗauka babu alkawarin da ya fi wannan sauƙi a wurina.

Motar tasha mai kujera goma sha tara ce, amma mu ashirin da uku muka shiga. Ta tashi ƙarfe shida da minti goma. A shingen fita gari jandarma ya karɓi katina, ya duba, ya ce, "Mushe, har yanzu ba a koma ba?" Haka ake kiran malamin makaranta a wurinmu. Na ce saura kaɗan. Ya ce to mu ci sauran hutun lafiya. Tsakanin Madawa da Buza kilomita hamsin ne ko kusa da haka. Gero ya nuna hagu da dama, Habsu tana tambayata sunan kowane gari, wasu na sani, wasu sai da direba ya taimake ni. Muka isa Buza takwas saura kwata, muka karya da ƙosai da kunu a bakin tasha, na dala arba'in.

Daga Buza zuwa ƙauye

Motar Keita ba ta cika ba sai goma da rabi. Hanyar duwatsu ce da hawa da gangara, a wani wuri kuma muka tarar da korama ta kawo, saboda an yi ruwa a kan tudu. Direba ya kashe mota, ya sauka, ya kafa kara a bakin ruwan. Na tambaye shi ko za mu daɗe.

"Sai yadda karan nan yac ce, Mushe. Ni ba ni gardama da korama."

Awa ɗaya da minti ashirin muka zauna a gindin wata bagaruwa kafin ruwan ya ja. Muka shiga Keita ƙarfe biyu, muka yi azahar, sannan baburan kabu-kabu biyu suka kai mu ƙauye cikin rabin awa.

Inna tana zaune a bakin ɗakinta. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma cika yi mini magana kai tsaye ba. Ta jawo Habsu, ta shafa fuskarta da hannu biyu tun daga goshi har haɓa, ta daɗe tana yi.

"Ke ta ƙawar tawa? Sai da kinka yi tsawon rumbu sannan anka ga damar kawo ki. Ce ma ubanki sannu da hanya."

Aka kawo fura da tuwon gero miyar kuka. Aka ba ni ɗakin marigayi mahaifina, Habsu kuwa ta ce gadon Kaka za ta kwana.

Alhamis: bakin tabki

Da hantsi Inna ta ɗauki ƙwarya da sandarta da wani tsohon gwado, saƙin hannu mai kaushi, wanda na sani tun ina yaro. Ta ce wa Habsu ta taso. Na gane inda za su. A gidanmu duk jikan da aka haifa sai Inna ta kai shi tabki ta wanke masa fuska. Kakanninmu suna yi da wasu kalmomi da aka bari tun kafin a haife ni, Inna kuwa da bisimilla take yi. Cikin jikokinta Habsu kaɗai ta rage.

Na ce, "Inna, na yi ma uwatta alkawari ba ta shiga ruwa."

Ta juya wajen yarinyar. "Ce ma ubanki, shekara saba'in ina shiga tabkin ga. Ce mishi ban san ko ina ganin wata damina ba."

Har yau ina tambayar kaina ko abin da na yi daidai ne. Na ce fuska kawai. Na faɗa ina sane da cewa yarinyar da ta ga tabki cike ba za ta tsaya a fuska ba.

Tafiyar minti goma sha biyu ce. Tabkin ya cika har gindin itatuwa, agwagin ruwan nan, kirinjijiya, sun rufe gefen yamma. Inna ba ta tsaya a mashigar kusa ba. Ta ɗaga fuska ta ji inda iska ke bi, ta ce wa Habsu iska tana tura datti da ƙaiƙayi zuwa wancan gefe mai ciyawa, inda tsuntsaye ke kwana, can ba a shiga. Ta kai ta wani wuri mai tsakuwa da ruwa garau. Ta buɗe ɗan gwangwani, ta shafe mata ƙafafu da hannuwa da man kaɗe, sannan ta wanke mata fuska sau uku. Kafin na buɗe baki Habsu ta kai gwiwa, daga nan ƙugu, tana dariya irin wadda ban taɓa ji daga bakinta a Madawa ba.

Ni kuwa ban so in tsaya kusa da su ba, don kada a ce da yardata aka yi. Na zagaya, na naɗe wando, na tsaya cikin ruwa mara zurfi inda zan hango yarinyar da kyau in ta zame. Wurin ɗumi ne, cike da ciyawa. Sai daga baya na lura cewa daidai gefen da Inna ta hana ne. Na yi kusan rabin awa a nan.

Da Habsu ta fito, Inna ba ta bar ta ta ɗiga ba. Ta kama ta da gwadon nan tana gurza mata jiki da ƙarfi, gaɓa bayan gaɓa, yarinyar tana ƙara tana cewa Kaka za ta saɓe mata fata. Da ta gama ta miƙa gwadon wajen da take jin motsina.

"Ce ma ubanki shi goge, tun ruwan bai bushe mishi ba."

Na dubi gwadon, na ga tsufansa da jiƙarsa, na kuma ji nauyin a gan ni, mai shekara hamsin, ina goge ƙafa da umarnin uwata. Na ce rana za ta busar. A gida ta sa Habsu ta ɗauraye da ruwan rijiya. Ni na zauna karɓar gaisuwar dangi.

Kafin azahar ƙafafuna suka fara tsikari. Kafin la'asar jajayen ɗigo sun fito daga idon sawu zuwa gwiwa, daidai inda ruwa ya tsaya, kamar an shata da zare. Abin da nake koyarwa ne. Ƙananan tsutsotsi ne da ido ba ya gani, suna fita daga katantanwa suna neman tsuntsun ruwa, in suka sami mutum sai su shiga fata su mutu a nan, jiki ya yi ta faɗa da gawarsu. Na san wannan duka da sunayensa na boko. Abin da ban yi ba shi ne karɓar gwado.

Na duba Habsu gaba da baya. Ɗigo uku ne a bayan gwiwarta ta hagu, inda hannun Inna bai kai ba.

Juma'a: Keita da dawowa

Na wayi gari ƙurajen sun tashi kamar cizon sauro ɗari. Inna ta sa aka jiƙa gero aka tace, ta bar gasarar ta kwanta, ta ba Habsu ta shafa mini da sanyinta. Ta sa aka riƙa ɗora mini tsumma jiƙe da ruwan randa. Ta kuma ba yarinyar aiki.

"In kin ga ya kai hannu zai sosa, ki buge hannun. Na ba ki izini. Susa ita ka kawo gyambo."

Habsu ta riƙe aikin da gaskiya. Ita ta yanke mini farce.

Ƙarfe tara muka hau kabu-kabu zuwa gidan likita a Keita. Majo, wato babban ma'aikacin jinya na wurin, ya duba ni, ya duba ɗigon Habsu, ya tambaye ni ko na yi wanka a tabkin ina yaro. Na ce kowace rana. Ya ce shi ya sa, wanda jikinsa ya taɓa haɗuwa da abin ya fi shan wuya in ya sake. Ya rubuta man shafawa da ƙwayar rage ƙaiƙayi, ya ce ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, cikin mako guda ko fiye kaɗan zai wuce, sai dai in ya yi ruwa ko zazzaɓi ya zo, in komo. Sannan ya ajiye biro.

"Amma Mushe, ka hi ni sani. Ruwan da ke da wanga shina iya zama da tsargiya, ita kuwa gwado da mai ba su isa su tare ta ba. Bayan wata biyu ku kai hitsari a auna, ku duka biyu."

Da na maimaita wa Inna zancen yarinta, ta yi murmushi, karo na farko kuma ta yi magana ba ta bakin Habsu ba. Ta ce, "Ruwan ya gane ka. Ka daɗe."

Asabar: hanyar gida

Muka yi sallama ƙarfe shida. Inna ta sa wuƙa ta raba gwadon biyu, ta naɗe rabi ta cusa cikin jakar Habsu. Muka bar Keita bakwai da rabi, koramar ta bushe, muka isa Buza goma saura. Muna jiran mota Habsu ta matso kusa da ni.

"Baba, nawa sun ɓace. Kai kuma wandonka dogo na. Mi za mu ce ma Mama?"

Gaskiya ne, ɗigonta sun dushe. Na yi kilomita hamsin ina juya maganar. In na yi shiru, hanyar ƙauye ta zauna a buɗe. Amma akwai awo bayan wata biyu, wanda ba zan kai yarinya a ɓoye ba, akwai kuma abin da za ta koya daga shiruna. In na faɗa, wataƙila Inna ba za ta sake shafa wannan fuskar ba. Har muka wuce shingen Madawa ban gama yanke shawara ba.

Ƙarfe ɗaya da minti ashirin muka shiga gida. Rakiya ta kawo ruwa. Ban sha ba. Na zauna a tabarma, na naɗe wando har gwiwa, na faɗa mata komai bi da bi, har da maganar majo.

Ta daɗe tana duban ƙafafuna. Sannan ta kira Habsu, ta juya ta, ta bi jikinta da yatsa har ta sami wuraren nan uku.

"Su ke nan duka?"

"Kaka ta gurje ni, Mama. Baba na yaƙ ƙi."

Habsu ta fiddo rabin gwadon. Rakiya ta karɓa, ta murza kaushinsa tsakanin yatsunta. Ta tashi ta je ga kalandar bango, ta ƙirga makonni, ta zagaye rana guda da biro.

"Ranar ga ni za ni kai ku awo, da kaina. In an ga wani abu, a sha magani. Kuma ba ta sake shiga tabki, ko da gwado goma." Ta juyo gare mu. "Hutu mai zuwa da ni za a tahi. Tunda tsohuwa mai rabin gani ta hi ka tsaron ɗiyata, gara in je in yi mata godiya."

Hannuna ya tafi gwiwa ban sani ba. Habsu ta buge shi.

Ƙaiƙayin ya bar ni a rana ta tara. Ina gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, ina gode wa direban da ya ƙi gardama da korama, da majon da bai ɓoye mini abin da ban so ji ba, da Rakiya. Rabin gwadon yana rataye a ɗakin Habsu, ranar da aka zagaye kuma tana nan a bango muna jiranta.