Jajayen Ganyen da Na Tsinke

Shekarun baya can, tun mutanenmu ba su yi yawa a Guangzhou ba, na taɓa yin wata biyu a unguwar Dengfeng ina jiran a gama ɗinka mini kaya. Ɗaki na kama haya a gidan wata tsohuwa 'yar ƙasar, ita a sama, ni a ƙasa. Bayan gidan akwai ɗan fili da bai fi shimfiɗar tabarma uku ba. Ta cika shi da tukwanen furanni da albasa, a tsakiya kuma akwai wata siririyar bishiya da ta ɗan fi ni tsawo. Iya nake ce mata, ita kuma ta ce mini lawban, wato maigida, sai ta kama dariya. Sauran hirarmu duk da hannu muke yi.

Ina son filin nan ƙwarai. In na dawo daga kasuwar Shisanhang kaina na juyawa, nan nake shimfiɗa dadduma in yi la'asar, in zauna ina kallon ganye har in manta a wace ƙasa nake.

Wata safiya Iya ta sauko da jakar tafiya. Abokina, wani Bahaushen Ghana da ke jin yarensu, ya ce 'yarta ce ta haihu a wani gari, za ta je ta dubo su. Ta miƙo mini butar ban ruwa, ta nuna bishiyar, ta dafa ƙirjinta. Wannan kam ban nemi tafinta ba, na san amana aka ba ni.

Kwana uku da tafiyarta ruwa ya sauko. Ba irin namu mai iska da tsawa ba, yayyafi ne siriri mai sanyi, ya wuni ya kwana bai ɗauke ba. Garin ya yi tsit, benaye suka shige cikin gajimare, ƙarar kekuna ma kamar daga nesa take zuwa. Cikin wannan yayyafin ne ganyen bishiyar ya fara sauya launi. Ya yi ruwan ɗorawa, ya yi ja-ja, daga nan ya yi jawur kamar an ƙunsa masa lalle.

Ni jikan manoma ne, a wurinmu in ruwa ya sauko kore ake gani, ko a kan katanga. Ganyen da ya yi ja ana tsakiyar ruwa, ai cuta ce, ba wata tambaya. Mahaifina kuwa ya koya mini cewa in ganyen tumatir ya kamu, tsinke shi ake yi kafin ya shafi sauran. Sai ga ni, babban likitan bishiya daga Kano, kullum bayan sallar asuba ina tsaye da laima a hannun hagu, ina tsinka da dama. Har toka na nemo na barbaɗa a gindin. Ba zan ɓoye ba, ganyen nan yana da kyau. Wani lokaci nakan ɗaga guda ɗaya ina kallon haske ta cikinsa, in tsaya haka na daɗe, ruwa na ɗiga a kan laima. Sai in tuna amana, in jefa shi a kwali. Na so in ƙone su, jiƙa ta hana.

In na tsinke na yau, gobe wasu su yi ja. Kafin mako uku bishiyar ta koma tsinke.

Ranar da Iya ta dawo, a bakin ƙofa ta yar da jakarta, ta wuce bayan gida da saurin da ban san tana da shi ba. Na bi ta ina ɗan ɗaga kafaɗa, ina jiran godiya. Ta tsaya gaban bishiyar ta daɗe ba ta motsa ba. Can ta ce, “Meyo,” a hankali. Kalmar da 'yan kasuwa ke faɗa mini ce kullum in kaya sun ƙare: babu.

Na je na kira abokina. Ya saurare ta, sannan ya juyo yana kallona.

“Malam, me ka aikata? Marigayi mijinta ne ya kawo bishiyar nan daga garinsu can arewa, inda duwatsu ke yin ja in sanyi ya zo. Nan garin zafi ne, wata shekarar ma ba ta yin ja. Saboda jan nan ta baro jikanta ta dawo.”

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na ɗauko kwalin na ajiye a gabanta. Ta sa hannu ta zaɓi ganye ɗaya ta sa a aljihu, ta zube sauran a gindin bishiyar, ƙasa ta yi ja. Ta yi wata magana tana ɗan murmushi, abokina ya fassara: “Ta ce kada ka damu, lawban, baɗi ma za ta yi.”

Tun daga lokacin, in na ga abin da ban gane ba a gidan mutane, nakan riƙe hannuna in tambaya tukuna. Da kyakkyawar niyya na yi, amma har yau in yayyafi ya sauko da sanyi sai in ji wani nauyi a ƙirjina.

Da shekara ta zagayo na daidaita tafiyata da lokacin, har na riƙo mata dabino. 'Yarta ce ta buɗe mini ƙofa. Iya ta rasu tun cikin zafi. 'Yar ta bar ni na wuce bayan gidan, ana yayyafi, bishiyar ta yi jawur tun daga sama har ƙasa, ba ganye ɗaya da ya faɗi. Na tsaya da hannuwana a baya, ina kallo ni kaɗai.