Kan jirgi ya wuce, saura gindinsa

Shekarun baya, tun Turawa ba su tafi ba, babu ko labarin madatsar Tiga, yayata ta haihu a wani ƙauye a hayin kogi, wajen Bebeji. Damina ce, ruwa ya kawo sosai. Ni na raka mahaifiyata suna, tana rungume da ƙwaryar yajin jego.

Mai fiton dattijo ne marar son surutu. Ya zaunar da ita a gindin kwalekwalen kusa da shi, ya miƙo mini gwangwala ya ce in tsaya gaba. "Ka taɓa tuƙi?" Na ce, "Haba Baba, ni fa nake kora jakunan gidanmu har Kano." Kallona kawai ya yi.

Muna tsakiyar ruwa sai ga wani ƙaton kututture ya tokare ta hannun dama. A wautata jirgi kamar jaki ne, ka kau da kansa sauran jikin ya biyo. Na kafa gwangwala na ture kan jirgin hagu da iya ƙarfina. Kai ya wuce lafiya, har na fara washe baki. Waigawar da zan yi, innalillahi! Ashe jirgi a tsakiyarsa yake juyawa. Yadda na tura kai hagu, haka gindi ya yi dama, ya nufi kututturen gadan-gadan, ga mahaifiyata zaune a wurin, ita da ba ta iya iyo ba.

Dattijon yana ta kokawa da ruwa ta baya, ya daka mini tsawa: "Mayar da kan dama!"

"Baba, wajen itacen fa?"

"Tura na ce!"

Na runtse ido na tura. Kan ya karkata dama, gindin ya janye. Reshe ya fizge mayafinta kawai, ruwa ya tafi da shi.

Muka sauka a gaɓa. Wallahi mari nake jira. Sai dattijon ya karɓi gwangwalarsa ya ce, "Mai jakuna, gobe in za ka juya gaba, ka fara duba wa ke zaune a baya."

Ranar mahaifiyata ta rungumi jikarta babu mayafi, yajin ma bai zube ba. Ta ƙara shekaru masu yawa tana tsokanata da mai jakuna. Ko sunan bawan Allahn nan ban tambaya ba, amma duk sanda na yi mata addu'a sai na haɗa da shi.