Madubin Almuktar da na goge

Bana shekara talatin ke nan da rasuwar ƙanena Almuktar, kuma har yau ban iya ba da labarinsa ba tare da na sa kaina a ciki ba.

Mu maƙeran azurfa ne tun kakanni, a tsohon garin Agadas. Shi kaɗai aka kai lakwal, makarantar boko, a gidanmu, don ko zugazugi aka ba shi sai wuta ta mutu yana can yana tunani. 'Yan shekaru bayan samun 'yancin kai aka ba shi bursu, kuɗin karatu, ya tafi jami'a a Faransa, tunda ƙasarmu ba ta da tata a lokacin. Ya rubuto cewa fizik yake karantawa da ilimin taurari. Muka yi ta dariya, don madugan Bilma da taurari suke tafiya, kuma ba wanda ya taɓa ba su bursu.

Shekara biyu ya yi yana sassaƙa wani gilashi mai kauri da hannunsa, faɗinsa kamar faifai, aka shafe fuskarsa da azurfa siririya. Shi ne zuciyar na'urar hangen nesa da yake haɗawa. Yana so ya auna hasken wasu taurari masu ƙaruwa da raguwa, kuma malamansa sun yarda ya yi awon a Agadas lokacin hutu, saboda samanmu garau yake. Da wannan awon zai kammala bincikensa.

Akwatin madubin ya riga shi isowa a kamiyo, babbar motar kaya. Na buɗe, na ga takarda da Faransanci, na ajiye ta sai mushe, malamin lakwal maƙwabcinmu, ya dawo daga Yamai. Azurfar kuwa ta ɗan yi rawaya a hanya. A gidanmu abin kunya ne a miƙa wa mutum azurfa da dushi. Na ɗauko toka da lallausan rairayi da guntun fata, na zauna tun hantsi har azahar. Da na ga tana ɓarewa sai na ƙara ƙarfi, ina zaton datti ne.

Ranar da ya iso na miƙa masa ina jiran yabo. Ya karkata shi wajen haske, ya daɗe yana dubawa.

"Yaya, da me ka goge?"

"Toka da rairayi, kamar kullum."

"To, sannu da aiki," in ji shi, ya mayar cikin akwati.

Sai da mushe ya dawo na ji abin da takardar ta ce: kada kowa ya taɓa fuskar madubin, ko da yatsa. Ana iya sake shafa azurfa, amma rairayina ya ci gilashin kansa. Hutu ya ƙare ba awo ko ɗaya. Kafin ya sassaƙa wani aka kira shi gida, ƙasa tana neman malamai, ya koyar a kwalej har ƙarshen ransa.

Yanzu samarinmu suna tafiya Jado da na'urorin neman zinariya, kowa kansa a ƙasa. Na kan ce da yana nan da ya yi musu ba'a, ko kuma ya karɓi na'urar ya kwance ta ya ga yadda take aiki. Na fi zaton na biyun.

Ɗalibansa sun zama likitoci da injiniyoyi, suna tsayawa maƙerata su ce shi ya koya musu tambayar dalilin abu. Wannan ya rage, kuma ba kaɗan ba ne. Amma binciken da ya so bai yi shi ba, kuma hannuna ne sanadi. Sau da yawa na fara maganar, sai ya tambaye ni lafiyar yara ko labarin kasuwa. Bai zarge ni ba, bai kuma bar ni na roƙe shi ba.

Ranar jana'izarsa liman ya ce duk wanda mamaci ya ɓata wa ya yafe masa. Kowa ya ce ya yafe, har da ni. Na tsaya a sahu ina jiran a tambayi Almuktar game da ni, sai aka ɗauki makara.